Man Turaren Marka

Shafi na 23

Daga Baba Lawwali Mai Ganga, Kankara

Masu cika mini waya da "Baba a ƙaro, Baba a ƙaro", to ku matso. Wata ta rubuto wai na cika jan rai. Yarinya, ni da na shekara saba'in da huɗu, na ga yunwa biyu, na shiga hannun mutanen daji na fito da ƙafata, ba ke za ki koya mini sauri ba. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, da yatsa ɗaya nake danna rubutun nan, amma daga Faskari har Sabuwa a nemo mini wanda ya fi ni sanin itacen turare. Masu digiri ma nan suke zuwa su tsuguna.

Ga wanda yau ya shigo: Malam Mani shi ne mai tatsar man turare na Gidan Gamji, wani ƙauye bayan Ruwan Godiya. Shekara arba'in mutane na sa man nashi a cikin irin wakensu, ƙwaro bai taɓa leƙawa ba. Bara da bazara 'yan bindiga suka ɗauke shi, ya yi wata uku a dajin Sabuwa, ƙauyen ya watse aka dawo Kankara zaman aro. Bana ana shirin komawa gida a yi shuka. Sai aka fara kwance buhunan iri.

Baraka, 'yar ƙauyensu, ba ta yi sallama ba.

Buhun ta jawo tun daga bakin lungu har ƙofar Malam Mani, ta kama gindinshi ta zazzage.

Gari ne ya zubo, da ɓawo. Ƙwari baƙaƙe suka yi ta fitowa daga ciki suna hawa ƙafar Malam.

"Ga shi nan, Malam."

"Baraka, ki yi a hankali."

"A hankali na yi. Tun kaka nake a hankali. Ɗigo bakwai a tsumma, a cusa a tsakiya, a ɗaure baki, kar a buɗe sai an ga hadari. Ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce."

"To na ga hadari. Na buɗe."

Malam ya tsuguna, gwiwoyinshi suka yi ƙara. Ya tsinci ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta a rana. Huji uku ne a jikinta. Ya murza, ta bi iska.

Waken nan ɗan gamji ake ce mashi, fari mai baƙin ido, ba kasuwar da za ka je ka same shi. Ranar da aka kori ƙauyen, mata sun bar gadaje da jeren kwanuka, shi suka ɗauko a ka. Suka shuka ɗan abin da ya tsira a gefen gonakin mutanen Kankara don kar iri ya mutu. Abin da aka roro da kaka, gida goma sha ɗaya suka raba suka ajiye da man Malam. Goma an riga an buɗe. Na Baraka ne na ƙarshe, a kanshi kowa ya rataya rai.

"Ko kin bar bakin buhun ya sha iska?" in ji Malam.

"Mu goma sha ɗaya duk muka bar shi ya sha iska?"

"Mana ba ya ƙarya. Tun ba a haife ki ba..."

"Tun ba a haife ni ba, na ji. Malam, uban 'ya'yana ya riga ya tsallake rafi ran nan. Komawa ya yi don buhun waken nan. A kanshi aka harbe shi, ni na janye buhun daga ƙarƙashinshi. Yau ka gaya mini, mi zan zuba a rami in mun koma? Shekarunka arba'in?"

Malam bai ɗago ba.

"Maigari ya ce a taru bayan la'asar," ta ce. "Ka zo da hancin nan naka da ake yi mana waƙarshi."

Ta bar buhun a nan ta tafi.

Ko tashi bai yi ba sai ga babur ɗin Mas'udu malamin gona. Ya kashe shi tun daga nesa, ya turo shi da hannu. Sati uku da suka wuce, da aka buɗe buhun farko, shi ya karɓi ragowar man ya ce zai kai birni a auna.

"Baba, ina wuni."

"Wunin ke nan kana gani."

"Takardar ta fito. Na ce bari in zo kafin a taru, ban so ka fara ji a gaban mutane."

"Takarda ba ta taɓa gaya mini abin da hancina bai riga ta sani ba. Karanta."

Mas'udu ya zauna a kan turmi, ya warware ta.

"Kwalba biyu na kai. Ɗaya ta wannan kakar, ɗaya tsohuwa ta shekara uku, matar Maigari ta ba ni da ɗan saura a gindi."

"Sun ce an sa ruwa?"

"A'a."

"Kananzir? Man gyaɗa?"

"Ko ɗigo. Man turare ne tsantsa."

Malam ya buga cinya.

"Alhamdu lillahi! To tashi ka je ka gaya wa Baraka!"

"Tsaya, Baba. A ido mai ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya bambanta. Akwai wani sinadari, shi ne mai yajin nan da ke hawa kai, shi ke shaƙe ƙwaro. A tsohuwar kwalba ya haura rabi. A sabuwar ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Sun zuba ƙwari a kwalabe suka gwada. Na tsohon mai, kwana biyu duk sun bushe. Na sabon, an yi sati suna yawo, har ƙwai suka yi."

Mas'udu ya juya takardar ya ci gaba.

"Matar da ta auna ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce da wane lokaci aka yanki ganyen? Wai itace ɗaya, in lokacin shekara ya juya, man da ke cikinshi ma juyawa yake."

Malam ya yi wata dariya marar daɗi.

"Sai da aka kunna na'ura aka san wannan? Ni ina kiwon awaki ubana ya gaya mini. Ganyen bazara tsoho ne, rana ta gasa shi, in ka murza sai ya yi ƙas. Man da zai ba ka, ka buɗe kwalba sai ka share hawaye. Shi ke tsare wake. Ganyen marka kau sabon toho ne, ya sha ruwa ya ƙoshi. Ƙamshi ne da shi mai daɗi, mata na so, yana korar sauro na ɗan lokaci. Ƙwaron wake fa wanka yake yi da shi. Ka je ka gaya wa matar nan, Mani bai taɓa kunna wuta ƙarƙashin gangar dafa mai da damina ba. Ko sau ɗaya. Daga an yi ruwan farko nake kifa gangata, sai wata bazarar."

"Na sani, Baba."

"To?"

Mas'udu ya naɗe takardar, ya sake naɗe ta, yana kallon tayar babur.

"Baba, bara da bazara ina kake?"

Ƙwari na ta bin ƙafar Malam bai kaɗe su ba.

"Je ka," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Je ka."

A bayan gida ya tarar da Harisu, ɗanshi. Harisu sunan mahaifin Malam ya ci, don haka tun yana zanen goyo Malam bai taɓa kiran sunanshi ba, Mai Suna yake ce mashi. Yana durƙushe gaban ganga yana liƙe bakin bututu da yumɓu, don kwanakin yankan bana sun kusa ƙarewa.

"Harisu."

Hannun ya tsaya a kan yumɓun. Bai waigo ba.

"Na'am, Baba."

"Tulunan man da aka binne bara. Da wane wata aka cika su?"

"Baba, bari in gama liƙe nan kar ya bushe."

"Ya bushe. Da wane wata?"

Harisu ya goge hannu a wando. Ya miƙe. Ya fi uban tsawo da tafi guda, amma idonshi na ƙasa.

"Agusta."

"Sake faɗi."

"Da marka ne, Baba. Agusta."

Malam ya nemi abin dafawa, hannunshi ya faɗa kan gangar. Rana ta gasa ta, bai janye ba.

"Ka ce mini an yanka da bazara."

"Na ce."

"Ka dubi tsabar idona ka ce."

"Idonka a kumbure yake ran nan, Baba, ba ka ganin kowa."

"Kai! Ni kake mayar wa magana?"

"Ba magana nake mayarwa ba. Ka tambaye ni, bari in ba ka duka, na gaji da riƙonta. Bazarar bara a kan dutse na yi ta, can wajen Faskari, inda waya ke kamawa. Daga asuba har rana ta faɗi ina zaune ina jiran su kira. Ran da suka ga dama su sa mini kukanka in ji. Ran da ba su ga dama ba su ce ka mutu, gobe su ce wasa suke. Hanyar Damari kau, inda muke yankan turare, ko tsuntsu ba ya bi. In bar dutsen in tafi yankan ganye? In suka kira ba su same ni ba fa?"

"Sai ka gaya mini."

"Yaushe? A amalanke aka shigo da kai. Ba ka tambayi Inna ba. Ba ka tambayi jikokinka ba. Ka kama wuyan rigata ka ce, 'An yanki ganye?' Likita yana tsaye yana ƙifta mini ido. Mi zan ce?"

"Gaskiya."

"Da ta kashe ka."

"Da ta kashe ni da sunana a kaina! Yau fa? Yau Baraka ta zazzage mini gari a ƙofa, yara na leƙe ta katanga!"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai wane irin jaki ne? Shekara ashirin kana hura mini wuta, ba ka ji abin da nake faɗi kan ganyen marka ba?"

"Na ji. Na ɗauka faɗi ne irin naku na tsofaffi. Na ce turare ai turare ne. Da aka ɗan samu lafawa na bi motar itace na je Damari, kwana uku ruwa na dukana, na yanko na dafa a can. Mai ya fito garau. Na cika tuluna na kawo na binne kana kwance."

"Ka cuce ni, ka cuci gida goma sha ɗaya."

"Ni kaɗai?"

Malam ya ɗago.

"Mi ka ce?"

Harisu ya dubi uban ido cikin ido. Bai ja da baya ba.

"Da kaka, kafin a raba wa mutane, wa na fara kawo wa?"

Malam ya kau da kai.

"Kai na kawo wa, Baba. Kana zaune a kan buzu, Maigari na gefenka. Na ce a raina, yanzu zai gane. Zai gane ya mare ni a gaban Maigari, a zubar da man, kowa ya nemi toka da barkono ya ajiye wakenshi, a wuce wurin. Wallahi so nake ka gane."

"Ya isa."

"Ka cire toshiya. Ka kai hanci. Ka rufe ido yadda ka saba. Ka ce, 'Bazara ce wannan, har ta fi ta bara yaji.'"

"Na ce ya isa!"

"Sai na ce ashe ganyen marka ma yana yi. Tunda hancin Malam Mani ya ce ya yi, ni wane ne?"

Wata kaza ta zo tana tsattsagar yumɓun da ya faɗi. Ba wanda ya kore ta.

Abin da Malam bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarshi, shi ne sati na biyu a daji. Wani yaro cikin 'yan bindigar, bai kai jikanshi ba, ya ce mashi ya tashi, bai tashi da wuri ba. Gindin bindiga ya sauka a tsakanin idanunshi. Da ya farfaɗo yana kwance kusa da inda suke babbaka akuya, yana ganin hayaƙi na shiga hancinshi, ba ya jin komai. Ya ce jini ne ya toshe, zai buɗe. Aka yi wata. Aka yi shekara. Tuwo da miyar kuka a bakinshi kamar jiƙaƙƙen kwali. Kullum da safe sai ya saci ganyen turare ya murza a cikin aljihu, ya kai yatsa hanci yana yi kamar susa yake. Shiru.

"Tun yaushe ka sani?" Muryar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Da sanyi. Ɓera ya mutu a ƙarƙashin gadonka. Kwana huɗu jikokinka ba su shiga ɗakin, Inna na toshe hanci da mayafi, ta ɗauka ciwon ƙafarka ne take jin kunyar faɗi. Kai kana zaune a kai kana cin ɗumame."

"Da sanyi."

"I."

"Da sanyi ƙwaro bai gama da waken ba. Da ka buɗe baki da an ceci rabi."

"Sau uku na zo ƙofarka."

"Mi ya hana ka shiga?"

"Duk zuwan da na yi sai in tarar da mutane. Kana ba su labarin yadda aka sake ka a tsakiyar daji ba ka san gabas ba, ka ɗaga hanci ka jiyo ƙamshin turaren Damari, ka bi shi har ka fito titi. Suna ta kabbara. In shiga in ce mi? In ce Baba, ni na ɗauko ka a gindin kalgo inda suka yar da kai? In ce man ƙarya ne, hancin ma ƙarya ne?"

Malam ya ɗaga hannu. Harisu bai kauce ba, har ya ɗan miƙo kuncin.

Hannun ya tsaya a sama, ya tsaya, sannan ya sauko a hankali ya koma cikin aljihu. Akwai ganye a ciki. Ya murza shi ya ji ƙas.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Matarka?"

"Ko ita."

"To ka ji. In an taru, bakinka ya mutu. Ko mi na ce, ko mi aka ce."

"Baba, ni zan faɗi nawa."

"Ka faɗi naka ka zauna a ina? Kana da 'ya'ya biyar. A cikin mutanen nan za ka yi noma, a cikinsu za ka aurar. Wanda ya kashe ɗan gamji, har jikokinshi da sunan za a kira su."

"Kai fa?"

"Ni Mani ne."

Ya juya ya tafi alwala.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan da aka ara wa Maigari Muhammad Awwal. Maza a kan tabarmi, mata a tsaye jikin katanga. An jera buhuna goma sha ɗaya a tsakiya kamar gawawwaki, har da na Baraka da aka ɗauko daga ƙofar Malam. Gabas ta yi baƙi, iska na ɗaga gefen tabarma.

Mas'udu ya karanta takardarshi. Kafin ya kai ƙarshe wuri ya ɗauki guna-guni.

"Man marka!"

"Ashe da saninshi!"

"Mutumin da ke gane turaren Damari daga cikin daji, shi ne zai kasa gane na marka a tafin hannunshi?"

Maigari ya ɗaga sanda, aka yi tsit. Shi da Malam Mani tare aka yi musu kaciya, tare suka yi farautar gafiya.

"Kun gama? To ku ji nawa. Na'ura mutum ya ƙera ta, mutum ke karanta ta. Wadda ta auna man nan ba ta taɓa ganin Gidan Gamji ba. Ni kau shekara arba'in ina cin wake da hancin Malam. Ina zaune a gefenshi da kaka ya shinshina man nan ya ce bazara ce."

Ya zaro kwalabe biyu daga aljihun babbar riga ya ajiye a kan tabarma.

"Ga tsohuwar, ga sabuwar. Mu duk mun shinshina, turare kawai muke ji. Malam, ka duba mana. In ka ce mai ɗaya ne, ni da hannuna zan yaga takardar nan, mu ce ƙaddara ce ta faɗa wa waken, ko buhunan zamani ne ba su da kirki. Ba mai sake ɗaga maka murya a garin nan ina raye."

"Ranka ya daɗe..." in ji Mas'udu.

"Kai, zauna. Da kai da takardarka duk a gabanmu aka haife ku."

Malam ya matso. Harisu na zaune a bayanshi, yana jin numfashinshi a ƙeya.

Ya ɗauki ta farko. Ya cire toshiya. Na kusa da shi suka ɗan kau da kai, wani tsoho ya yi atishawa. Malam ya kai ta hanci, ya rufe ido.

Ba komai.

Ya ɗauki ta biyu. Ya ja numfashi har ƙirjinshi ya yi zafi.

Ba komai. Da ruwan randa ne a ciki da haka zai ji.

Kalma biyu ce. Mai ɗaya. In ya faɗe ta, sai Maigari ya yaga takarda, shi ya tashi da sunanshi, ɗanshi ya tashi da nashi. Har ya ji ta a kan harshe, ta zauna daram kamar yadda labarin Damari ke zama.

Ya buɗe ido. Baraka na tsaye daidai gabanshi, garin wake har yanzu a gefen zanenta. Ba harara take ba. Jira take, ita ma, kamar kowa. In ya ce ɗaya ne, yarda za ta yi. Ta je ta yi ta tuhumar hannunta da ya ɗaure buhun har ta mutu.

Ya mayar da toshiya. Ya ajiye kwalaben a jere.

"Muhammadu."

Shekara talatin rabon da wani ya kira Maigari haka a gaban jama'a.

"Ina jin ka, Mani."

"Kar ka yaga takardar yaron nan."

"Sun bambanta ke nan?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba?"

"Ka sa a kawo kananzir a wannan, a kawo fitsarin jaki a wannan, in shinshina in ce maka bazara ce. Hancin nan ya mutu. A daji na baro shi, tun sati na biyu. Ran da kake zaune gefena da kaka, ban ji komai ba. Na rufe ido ne na yi muku abin da kuka saba gani."

Wata tsohuwa ta ce, "Inna lillahi."

"Turaren Damari fa?" wani ya tambaya daga baya. "Da ka ce shi ya fito da kai?"

"A gindin kalgo aka tsince ni kamar tsumma."

Maigari ya sunkuyar da kai yana kallon sandarshi. Wani saurayi ya yi 'yar dariya, aka zungure shi. Malam ya ji dariyar ta shige shi har ƙashi, ya ƙara miƙe wuya.

"Saura kuma. Man marka ne, gaskiyar takarda. Ni na dafa shi. Na ga bazara ta wuce ni, na ji kunyar a ce Mani ba shi da mai, na sa aka kawo mini ganye na dafa da hannuna na cika tuluna. Ba wanda ya sani. Wanda zai tsine ya tsine mini ni kaɗai. Ga ni, ga ganga, ga rawanina in kuna so."

Ya cire rawanin ya ajiye kusa da kwalaben. Kanshi fari fat, ga tabon nan a tsakanin idanu.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan buhun Baraka.

Maigari ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Malam."

"Na'am."

"Na hancin na yarda. Allah ya isar maka a kan wanda ya buge ka."

Ta tako har bakin tabarmar maza. Ba wanda ya ce ta koma.

"Amma da marka ni nake dama maka kunu. Matarka na jinyarka, ni nake kawowa safe da yamma. Ko buta ba ka iya ɗagawa. Sai an riƙe ka kake zama."

"Na samu sauƙi daga baya."

"Gangarka ma ba ta gidan. Na tambaya, aka ce an kai gyara."

"Baraka, na ce ni ne."

"Na ji ka ce. Ni dai tambaya nake, don in san sunan da zan gaya wa marayuna." Ta juyo ta dubi maza ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya je Damari da marka?"

Malam ya ji tabarma ta motsa a bayanshi. Bai waiga ba. Ya miƙa hannu baya ya damƙi gefen riga, ya riƙe da duk ƙarfin da mutanen daji suka bar mashi.

"Zauna, Mai Suna."

Harisu bai zauna ba.